Daga gungume zuwa sandar baka: tambayoyi da amsoshi kan shirya ɗanyen itace

Yawancin bakunan da suke karyewa a hannun sabon masassaƙi, tun a makon farko da sare itacen suka lalace. Mai su ne bai gani ba, sai bayan watanni da ya ɗaura tsirkiya ya ja. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kan wannan tsakanin suke, daga ranar da bishiya ta faɗi zuwa ranar da sanda ta bushe ta isa a sassaƙa ta. Inda aka ce "sanda", ana nufin tsagin itacen da za a fitar da baka guda daga cikinsa.

Yau na sare itace. Me zan fara yi?

Ka toshe bakunansa biyu, na gindi da na sama, tun kafin ka huta. Idan da hali ka tafi wurin sara da abin toshewar a hannunka. Wasu itatuwa, musamman masu tauri da nauyi, cikin sa'o'i kaɗan bakinsu ke fara darewa idan akwai rana ko iska. Bayan ka toshe, ka janye gungumen zuwa inuwa, ka ɗora shi a kan wani abu kada ya kwana a ƙasa. Faskarawa tana iya jira kwana ɗaya ko biyu. Toshewa ba ta jira.

Wurin yanka kuma ka bar rara. In bakan da kake so santimita 170 ne, ka yanke gungumen a kan 190 ko kusa da haka, don ko bakin ya ɗan tsage ka sami abin datsewa.

Me ya sa bakin ne yake fara tsagewa?

Jijiyoyin itace kamar damin ƙananan bututu suke, sun miƙe daga gindi zuwa sama. Inda zarto ya ratsa, duk bakunan bututun a buɗe suke, saboda haka ruwa yana fita ta can da sauri ninki goma ko fiye a kan yadda yake fita ta gefe. Bakin ya bushe ya nemi tsukewa, alhali can ciki itacen yana nan jiƙe da cikarsa. Wanda ya tsuke yana ja, wanda bai tsuke ba ya ƙi, sai jijiya ta rabu.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda shi ne ya sa ba a barin gungume a dunƙule. Itace yana tsukewa ta kewayen zobensa, wato da'irorin da ake gani a bakin gungume, kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga ɓawo zuwa cibiya. Gungumen da aka bari a mulmule dole ya nemi inda zai saki wannan matsin, kuma shi zai zaɓi wurin da kansa. In ka faskara shi, kai ka zaɓa masa.

Da me zan toshe?

Farin gam na kafintoci shi ne ya fi sauƙin samu, kuma yana kama ɗanyen itace da kyau. Narkakken kaki ma yana yi, haka fenti mai kauri, haka shalak, wani irin man shafe katako. Ka shafa sau biyu ko uku, ka bar kowane shafi ya sha iska kafin na gaba, kuma ka gangaro da shi gefe kamar faɗin yatsu uku. Kaki kaɗai wani lokaci yakan ɓare idan itacen ya fara tsukewa, don haka ka riƙa dubawa. Kada ka naɗe sandar gaba ɗaya a leda. Ruwa zai taru a ciki, funfuna ta kama.

Ba zan iya raba shi da zarto kawai ba? Ya fi fita a miƙe.

Zarto layin da ka ja masa yake bi, bai san inda jijiya ta karkata ba, yanke ta yake yi ya wuce. Faskarawa kuwa jijiyar take bi. In itacen a murɗe yake, tsagin zai fito a murɗe, ka ga gaskiyarsa tun yau maimakon ka gano ta bayan shekara. Sandar da zarto ya fitar tana iya yin kyau a ido, amma jijiyoyinta suna ficewa ta gefe, kuma daidai inda suka fice nan bakan zai tashi. Wanda ya ƙware yakan ja layin zarto mara zurfi don ya yi wa tsagin jagora a itace mai taurin kai irin elm na ƙasashen sanyi, wanda jijiyarsa a saƙe take, ba ta son rabuwa. Ga mai farawa dai, faskara ita ce malama.

Yaya ake faskarawar?

Kana buƙatar guduma mai nauyi, gatari, da weji uku ko huɗu, wato abin da ake bugawa a cikin tsaga don ta buɗe, na ƙarfe ko na itace mai tauri. Kafin ka buga komai, ka juya gungumen ka kare masa kallo. Ka nemo fuskar da ta fi tsabta, wadda ba reshe ba tabo, ka tsara yadda tsagin zai bi ta cikin gaɓoɓi da wuraren da ba ka so, ya bar maka fuska mai kyau a tsakiyar sanda. Sannan ka kafa gatari a baki ɗaya, daidai kan cibiya, ka buga har ya buɗe. Ka sa weji a cikin buɗin, ka buga, tsagin ya yi gaba, ka sa na biyu a gabansa, na farko ya saki ka ɗauko shi ka kai gaba. Haka har ƙarshe. Zaren da suka rage suna riƙe da ɓangarorin biyu, ka datse su da gatari, kada ka fizge.

Kullum rabi da rabi ake yi: gungume gida biyu, kowane rabi gida biyu. In ka nemi ɓare siriri daga mai kauri, tsagin zai zame ya fice ta gefen siririn. Gungume mai faɗin santimita 15 zuwa 20 yakan ba da sanduna huɗu. Ka bar bayan kowace sanda da faɗin santimita 6 zuwa 7. Son samun shida a inda huɗu suka dace shi ne yake sa mutum ya tashi da biyu. Ƙaramar bishiya mai kaurin hannu kuwa baka ɗaya ce a cikinta: ka zaɓi fuskar da za ta zama baya, ka rage ɗaya gefen da gizago har ka wuce cibiya, don ita ce mafarin tsagewa. Kada ka raina irin wannan ƙaramar bishiya. Bakunan Holmegard da aka tono a wata fadama a Denmak, waɗanda suka haura shekara 8,000, daga siririn itacen elm aka sassaƙa su.

Kuna ta cewa "baya" da "ciki". Wanne ne wanne?

In ka riƙe baka za ka harba, fuskar da take kallon abin harbi ita ce baya, wadda take kallonka ita ce ciki. Da ka ja tsirkiya, baya miƙewa yake yi, ciki kuma matsewa. Itace yana jure matsi ta hanyar sagewa a hankali, amma idan jijiyar da ake ja ta tsinke, lokaci ɗaya ne, da ƙara. Shi ya sa duk aikin shiryawa ya koma kan abu guda: bayan sanda ya kasance shimfiɗar jijiya ɗaya tilo daga wannan baki zuwa wancan, ba yanka ba ƙwarzane. Ciki kana iya kankare shi yadda ka so. Baya ba a taɓa shi. Ko wurin jan sanda a ƙasa, ko jefa ta a bayan mota, ko matse ta da ƙarfe, bayan nan ka riƙa tunawa da shi.

In cire ɓawo ko in bar shi?

Ya danganta da itacen da kuma lokacin da ka sare shi.

Fararen itatuwa irin su ash, elm, hikori da mapul, fuskar da ke ƙarƙashin ɓawo ita ce bayan bakanka, a shirye. In ka sare su lokacin da bishiya take cikin tsiro, ruwa na gudana a jikinta, ɓawon salɓewa yake yi: ka ɗaga gefe da wuƙa maras kaifi, ka ja, ya taho kamar an tuɓe riga, ya bar baya sumul. Wannan dama ta 'yan kwanaki ce. In ka bari ya bushe a jiki, sai ka yi awanni kana kankara, kuma kowane kuskuren wuƙa a kan bayan bakanka zai sauka. In kuma lokacin da bishiya ta huta ka sare, ɓawon a manne yake tun farko. Sai ka cire na waje mai kaushi da wuƙa mai mariƙi biyu, ka tsaya a kan na ciki mai launin ƙasa, ka ƙarasa da kankara a hankali. Ɗan dabbare-dabbaren da ya rage ba ya cutar da komai, yanka shi ne yake cutarwa.

Itatuwan da zuciyarsu, wato tsakiyarsu mai duhu, ake so, kamar osej na Amurka da malberi, barin ɓawo yana rage saurin bushewa, amma yana gayyato ƙwari. Ni ina ganin gara a cire ɓawon tare da farin itacen da ke ƙarƙashinsa a zama ɗaya, a shafe bayan nan take da gam ko shalak. Abin da bai kamata ba shi ne a cire ɓawo a bar farin a tsirara. Zai tsattsage, tsagar ta nutsa har cikin zuciyar.

Mene ne wannan farin itacen, me ya bambanta shi da zuciya?

In ka dubi bakin gungume za ka ga, a itatuwa da yawa, tsakiya mai duhu da farin kewaye a bayanta. Farin shi ne sabon itace da ruwa ke bi. Mai duhun tsohon itace ne da ya daina ɗaukar ruwa, ya cika da sinadaran da ke kare shi daga ruɓewa. A osej da malberi ana cire farin gaba ɗaya, a gangara zuwa zobe guda na zuciya, a bi shi daga baki zuwa baki ba tare da an huda shi ba. Tsakanin kowane zobe mai tauri da na ƙasansa akwai shimfiɗa mai gautsi, za ka ji wuƙa tana ƙaras-ƙaras a cikinta. Ita ce alamar cewa ka kusa, sai ka ajiye yanka ka koma kankara.

Itacen yuw ya fita daban, domin shi duka biyun ake so. Farinsa yana jure ja, zuciyarsa tana jure matsi, sai a bar siririn fari a baya, zuciya a ciki. Haka dogayen bakunan yaƙi na Ingila suke. Jirgin ruwan Mary Rose da ya nutse a 1545, aka ɗago shi a 1982, an sami cikakkun bakuna 137 a cikinsa, na yuw. Ƙasar ta matsu da wannan itace har dokar 1472 ta wajabta wa jiragen 'yan kasuwa su shigo da sanduna huɗu a kan kowane tan na kaya. Sanduna ake shigowa da su, ba bakuna ba, wato shirya sanda sana'a ce mai zaman kanta tun wancan zamani.

Itacena ba a ganin zobe a jikinsa. Yaya zan yi?

Itatuwan wurare masu zafi da yawa haka suke, don ba sa tsayawa da tsiro yadda na ƙasashen sanyi suke yi. Ka ɗauke shi kamar fararen itatuwan nan irin su ash: fuskar ƙarƙashin ɓawo ita ce baya, ka kiyaye ta. In ba ka san halin itacen ba, ka faskaro siriri ka busar, ka lanƙwasa shi a gwiwa har ya karye. Wanda ya lanƙwasu sosai, ya karye da zare-zare yana turjiya, akwai baka a cikinsa. Wanda ya ɓalle ƙas kamar alli, ka nemi wani.

A ina zan ajiye sandunan?

Makonnin farko wuri mai inuwa, mai sanyi-sanyi, inda iska ke wucewa a hankali. Ba rana, ba kusa da wuta, ba ƙarƙashin rufin kwano mai zafi. Ka kwantar da su a kan katakai, da tazara tsakaninsu, nesa da ƙasa saboda gara da danshi. In ka jingina ɗanyar sanda da bango na tsawon watanni, za ta iya ɗaukar lanƙwasa. A lokacin busasshiyar iska ka ƙara rufe su, ko da buhu ne, don a nan ne saurin bushewa yake ɓarna. A lokacin damina kuma iska za ka ƙara musu. Bayan wata ɗaya ko biyu, idan yawancin ruwan ya fita, sai ka shigar da su ɗaki mai bushewa su ƙarasa.

Ka rubuta ranar sara da sunan itacen a jikin kowace sanda, ta gefen ciki. Bayan shekara duk kama suke yi da juna.

Wata nawa zan jira?

Tsohuwar ƙa'idar masu katako ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, wato santimita biyu da rabi. Sandar da aka bari da cikakken kaurinta tana iya cin shekara biyu ko uku. Amma kaurin ne yake jawo wannan jiran, kuma mafi yawansa itace ne da za ka sassaƙe ka zubar. Saboda haka, in cikin fararen itatuwa irin su ash yake, ka rage shi tun yana ɗanye, lokacin ma ya fi taushin aiki. Ka fitar da siffar baka sama-sama: rassan biyu, wato sama da ƙasan mariƙi, faɗin santimita 5, kauri kamar 2, mariƙi a bar shi da kaurinsa a shafe shi da gam don nan ne yake son tsagewa. Sanda irin wannan tana iya bushewa cikin mako huɗu zuwa takwas a ɗaki. Itatuwa masu nauyi da mai a jiki ba sa son a gaggauta su haka, su a ba su watanni.

Akwai masu cewa itacen da ya shekara biyar ya fi wanda aka busar a wata biyu. A kan yuw da osej ba zan yi musu da su ba. A kan fararen itatuwa kuwa, jira mai tsawo a wuri mai danshi ya fi kawo ruɓa da ƙwari a kan ya kawo inganci.

Ta yaya zan san ta bushe?

Da sikeli. Taɓawa da ƙwanƙwasawa suna ruɗi, domin waje yakan bushe ciki na jiƙe. Ka auna sandar a sikelin da ke nuna giram, ka rubuta, ka sake bayan kwana uku ko huɗu. Da farko nauyin zai riƙa zubewa, daga baya ya koma raguwa kaɗan-kaɗan. Idan ya tsaya cak na mako biyu, sandar ta daidaita da iskar ɗakin.

Sai dai tsayawar nauyi tana nufin ta yi daidai da ɗakin ne kawai, don haka sai ka san laimar ɗakin. In laimar iska tana kashi 50 cikin 100, itace yakan tsaya a kan kashi 9 na danshi. In tana 65, ya tsaya wajen 12. In ta kai 80, sai ya tsaya kusan 16, ko shekara nawa ya yi. Abin da ake nema ga yawancin itatuwan baka shi ne tsakanin 8 da 11. Hikori ya fi son ƙasa da haka, wajen 6 zuwa 8. Ƙaramin ma'aunin laima da za ka rataye kusa da sandunan ya fi amfani a kan na'urar da ake soka wa itace, wadda fatar waje kawai take karantawa, ga shi kuma tana barin huda.

In kana son tabbaci, ka yanko ɗan guntu daga rarar da ka bari, can ciki kaɗan ba daidai baki ba. Ka auna, ka gasa shi a zafin digiri 100 da 'yan kai har nauyinsa ya daina sauka. In ya tashi daga giram 55 ya koma 50, ruwan giram 5 ne a kan busasshen itace giram 50, kashi 10 ke nan.

Me zai faru in na ɗan lanƙwasa ta tun ba ta gama bushewa ba?

Ba lallai ta karye ba, kuma wannan ne tarkon. Jiƙaƙƙen itace yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, amma ƙwayoyin cikinsa suna murƙushewa, ba sa komawa. Bakan zai riƙe lanƙwasa ko an kwance tsirkiya, ya zama mai kasala, kibiya ta riƙa fita ba ƙarfi. Bushewar da za ta zo daga baya ba ta gyara wannan. Hannu yana ƙaiƙayin gwadawa, na sani, amma ka bari sikeli ya ba da izini.

Itace yana iya bushewa fiye da kima?

Yana yi. Ƙasa da kashi 6 yawancin itatuwa sukan yi gautsi, su fashe ba gargaɗi. Masu amfani da akwatin ɗumi, wanda ake sa wa ƙwan lantarki, su kula kada zafin ya wuce na jikin mutum sosai, kuma kada a sa sabuwar ɗanyar sanda a ciki. In sandarka ta daɗe a busasshiyar iska, ka mayar da ita wuri mai ɗan laima na kwanaki kafin ka fara ja.

Sandata tana karkacewa tana murɗewa. Akwai magani?

Rigakafinsa shi ne ka ɗaure ta a jikin katako mai kauri tun ranar da ka rage ta, bayanta na kallon katakon, da tsumma ko fata a tsakani don kada igiya ko ƙarfe su yi mata shaida. Wasu sukan sa ɗan itace ƙarƙashin tsakiya su danne bakunan biyu, don ta bushe da 'yar lanƙwasa ta baya, santimita 3 zuwa 5, wadda take ƙara wa baka kuzari. Wadda ta riga ta karkace ana gyara ta da tururi in tana da sauran danshi, ko da busasshen zafi ta gefen ciki in ta bushe. Murɗa kaɗan ba ta hana baka harbi, muddin tsirkiya ta ratsa ta tsakiyar mariƙi. Kada ka sassaƙe sanda don ta miƙe a ido. In jijiya ta yi tafiyar maciji, gefen bakanka ma ya bi ta haka.

Gaɓa fa, inda reshe ya fito?

Ƙarama mai ƙarfi ba ta kashe sanda. Jijiya kewaye ta take yi kamar ruwa ya sami dutse, kai ma ka kewaye, ka bar wurin da ɗan ƙarin faɗi, kuma kada ka daddatse tudunta a baya. Babba, ko ruɓaɓɓiya, ko wadda ta zauna a gefen reshen baka, gara ka tsara tun wurin faskara ta faɗa a mariƙi ko ta fita waje.

Na ga tsaga a jikin sandar. Ta tashi aiki ke nan?

Ka duba inda ta nufa. Wadda ta bi tsawon jijiya a tsakiyar sanda, ba ta fita ta gefe ba, sau da yawa ana cika ta da gam mai ruwa-ruwa a ci gaba da aiki. Ta baki kuma datsewa ake yi, a sake toshewa, amfanin rarar da ka bari ke nan. Wadda ta gitta baya a kwance, ko ta fice ta gefe, ita ce ba ta da magani a wannan wurin. Ko a nan ma kada ka yi saurin jefarwa. Rabin sanda mai kyau ana haɗa shi da wani rabin a mariƙi, a sami baka cikakke.

Ƙananan ramuka da garin itace a ƙasa, mene ne?

Ƙwaro mai huda itace ne. Uwar tana yin ƙwai a ɓawo, tsutsar ta shiga farin itace tana ci. Ka ware wannan sandar daga sauran yau ɗin nan, ka cire ɓawon, ka bi ramin ka ga zurfinsa. A itacen da zuciyarsa ake so, sau da yawa ɓarnar a farin ta tsaya, sai ka gangara zuwa zobe mai lafiya. A fararen itatuwa, ramin da ya ratsa baya ya gama da wurin. Baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗin funfuna kuma alama ce ta rashin iska. In a sama ta tsaya, gogewa da sauya wuri sun isa. In farcenka yana nutsewa a wurin, ruɓa ta shiga.

Na tsinci bishiyar da ta faɗi da kanta, ta riga ta bushe. Ba ta rage mini jira ba?

In cikin fararen itatuwa take, ka bar ta. Irinsu ruɓa tana kama su cikin makonni kaɗan da faɗuwa, tun ido bai fara gani ba, kuma ƙarfin jure ja shi ne abin da take fara ci. Itatuwa masu zuciya mai jure ruɓa, irin osej, suna iya daɗewa a kwance cikinsu na nan garau. Ka faskara ka gani: in launin zuciyar bai dushe ba, kuma siririn da ka gwada a gwiwa ya karye da zare, ka cire duk abin da ya mutu a waje, ka toshe bakunan, ka ɗora ta a sikeli kamar kowace sanda, domin gungumen da ya bushe a waje sau da yawa cikinsa da sauran ruwa.